Sayen Mota: Ta Yau Da Kullum Ko Mai Zafin Gudu?

A 'yan kwanakin baya wani ƙanena da ke aiki a Ikko ya buga mini waya daga kasuwar motoci ta Berger yana neman shawara. Ya shekara huɗu yana tara kuɗi, ya haɗa da na wani ɗan fili da ya sayar a gida, ga shi tsaye a gaban motoci biyu ƙirar Honda Civic, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, girman bodi ɗaya. Ta farko irin wadda kowa ya saba gani ce a kan titi. Ta biyu kuwa an ɗan dusar da ita ƙasa, tayoyinta masu faɗi, ga ɗan fiffike a bayan but, ga kuma haruffa biyu, Si, an manna mata da jan launi. Dillali ya tayar da ita, ya taka totur, ƙararta ta cika wurin, zuciyar yaro ta tafi. Ya ce mini, "Yaya, wacce zan ɗauka? Bambancin kuɗin ba shi da yawa."

Amsar da na ba shi ita ce nake so in shimfiɗa a wannan fili, domin na tabbata ba shi kaɗai ne ya taɓa tsayawa a wannan mararraba ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne, ga mafi yawan masu sayen ƙaramar mota salun a ƙasar nan, musamman wanda mota ɗaya tak zai mallaka, ta yau da kullum ita ce daidai. Amma da yake magana ce ta dukiya, bai kamata a yanke hukunci ba tare da an kawo hujja ba.

Da farko ya kamata mu tuna cewa sayen mota a Nijeriya ya tashi daga matsayin da muka san shi a da. Ranar 29 ga watan Mayu na 1999 aka koma mulkin farar hula, kuma a irin wannan rana ce ta shekarar 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 a wurare da dama cikin 'yan kwanaki, kuma ya zuwa watan Oktoba na 2024 ta zarce N1,000 a Abuja. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira ga kasuwa, dalar da ake canzawa a kan kimanin N460 a hukumance ta wuce N1,500 a cikin 2024. Tun da yake motocin da muke hawa da kayan gyaransu galibi daga waje ake shigo da su, kuma kuɗin fito ma da farashin dala ake lissafa shi, kowane kuskure da mutum ya yi wajen zaɓen mota yanzu ya ninka tsadarsa sau da yawa. Wanda ya yi zaɓen tumun dare a 2015 yana iya sayarwa ya sake wata ba tare da ya ji jiki ƙwarai ba. Yau kuwa sai ya shekara yana jinya.

Ita wannan al'ada ta ɗaukar ƙaramar mota ta iyali a sa mata inji mai ƙarfi ta samo asali ne daga Turai. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf GTI a 1976, ta kuwa karɓu fiye da yadda masu kamfanin suka zata, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Volkswagen ya yi wa Jetta irin wannan gyara ya kira ta GLI, Honda ya fito da Civic Si, Toyota kuma ya yi Corolla XRS. Riba biyu kamfani ke samu. Yana sayar da mai zafin gudun da tsada alhali kuwa yawancin ƙarafunanta na ta yau da kullum ne, sa'an nan kwarjininta yana jawo mutane zuwa ɗakin baje koli, su shigo don kallon mai gudu su fita da 'yar'uwarta. To, amma waɗannan motoci an ƙera su ne da tunanin hanyoyin Jamus, inda har akwai manyan tituna da ba a ƙayyade gudu a wasu sassansu ba, da na Amurka inda mafi yawan gidajen mai ke sayar da fetur hawa uku. Wanda zai kawo su Oshodi ko Ojota ya kamata ya yi la'akari da wannan.

Wani abin lura da yawancin masu saye ba su sani ba shi ne, motocin nan kashi uku ne. Akwai ta yau da kullum, akwai mai zafin gudu ta gaskiya, sa'an nan akwai ta tsakiya wadda riga kawai aka canja mata. Misali mafi kusa shi ne Corolla ƙirar Amurka ta shekarun 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunanmu. Wadda ake kira LE da wadda ake kira S, wato wadda dillalanmu ke yi wa kirari da "Sport", inji ɗaya gare su, mai lita 1.8, mai ƙarfin doki kimanin 130. Abin da ya bambanta S shi ne robobin ado da aka liƙa a gefe da gaba da baya, da fiffike, da 'yan canje-canje a sitiyari da allon mita. Ba ta fi LE gudu da ko taku ɗaya ba. Saboda haka duk wanda aka ƙara wa kuɗi da sunan wai injinta ya fi ƙarfi, an ci da guminsa. In yana son adon ne, wannan ra'ayinsa ne, sai dai ya sani cewa robobin nan su ne farkon abin da tudun rage gudu da bakin kwalbati ke karyawa.

Mai zafin gudu ta gaskiya a wancan zubi ita ce XRS ta 2005 da 2006. Injinta ma lita 1.8 ne, amma wani iri ne dabam da kamfanin Toyota ya ƙera tare da Yamaha, mai ƙarfin doki kimanin 170, kuma da giyar hannu mai hawa shida kaɗai aka yi ta. Haka abin yake a ɓangaren Honda. Civic ta shekarun 2006 zuwa 2011 tana da inji mai lita 1.8 da ƙarfin doki 140, ita kuwa Si tana da mai lita 2.0 da ƙarfin doki 197, ita ma giyar hannu ce zalla. A kan takarda bambancin yana da girma, kuma shi ne dillali zai riƙa maimaita maka. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne inda wannan ƙarfi yake ɓoye. Injinan nan biyu ba sa nuna bajintarsu sai sun kai juyi wajen 6,000 a minti ɗaya, su haura har zuwa 8,000. Direban da ke tuƙi cikin gari da wuya injinsa ya wuce juyi 3,000. A wannan mataki XRS da LE kusan kunnen doki suke yi. Ashe ke nan mutum zai biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa shi ba sai ya sa injin kururuwa.

Mu koma kan mai, wanda shi ne babban abin da ke cin aljihun mai mota a yau. Bisa ga gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, Civic ta yau da kullum mai giyar otomatik tana shan kimanin lita 8 a kowace kilomita 100, in an haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, ita kuwa Si tana shan kusan lita 10. Mu ɗauka mutum yana yin kilomita 20,000 a shekara. Bambancin zai kai lita 340 ko kusa da haka. In mun ƙaddara lita a kan N900, wannan ya haura N300,000 a shekara, wato fiye da albashin wata huɗu na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a 2024. Wannan kuwa lissafin hanyoyin Amurka ne. A cunkoson gadar Third Mainland ko na Mararaba zuwa Abuja, inda mota ke shafe sa'a guda tana rarrafe, kowace daga cikinsu za ta sha fiye da haka.

Bayan yawan man akwai kuma irinsa. Injin XRS na 2005 da na Si suna matse iska da mai fiye da na yau da kullum kafin su kunna wuta, don haka masu ƙera su suka ce a riƙa zuba musu fetur mai daraja ta sama, wanda a Amurka ake rubuta wa lamba 91 a jikin famfo. Wannan lamba ta ma'aunin oktan ce, wato juriyar fetur ga matsi ba tare da ya kama da wuta kafin lokaci ba. Lamba 91 ta Amurka daidai take da wajen 95 a ma'aunin da Turai ke amfani da shi. A nan gida kuwa, a mafi yawan gidajen mai, fetur iri ɗaya ne ake sayarwa, ba a kuma rubuta lambarsa a jikin famfo. In aka zuba wa irin wannan inji man da bai kai ba, na'urar da ke cikinsa za ta ji alamar ƙwanƙwasa ta ja masa linzami don kada ya lalace, sai ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Ƙarfin dokin da aka biya kuɗi dominsa ya zube ke nan tun daga bakin famfo. Ba mu kuma manta da abin da ya faru a watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci da dama suka lalace a Ikko da Abuja. Injin da ke da zaɓen abinci shi ya fi shiga haɗari a irin wannan rana.

Sai maganar taya da hanya. Corolla LE da ƙaramar Civic suna hawa taya mai lamba 195/65 a kan rim mai inci 15. Tsayin robar da ke tsakanin rim da kwalta a wannan taya ya kai milimita 127. Civic Si kuwa tana hawa 215/45 a kan rim mai inci 17, tsayin robarta milimita 97 ne kacal. Wannan santimita uku da aka rage ita ce ke sa motar ta riƙe hanya sosai a kan kwana, ita ce kuma ke sa rami ɗaya ya kumbura taya ko ya lanƙwasa rim. Ga shi an ƙara wa shokozobanta tauri, an rage mata tsayi daga ƙasa. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta wannan abin jin daɗi ne. A kan hanyar unguwa lokacin damina, mai ramuka da ruwa ya rufe, kowace gargada sai ta isa ƙashin bayan direba da na iyalinsa. Dattawanmu sun san dalilin da ya sa Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ta yi shekaru tana mulkin hanyoyin ƙasar nan. Ƙarfin injinta bai kai na Corolla ta yau ba. Tsayinta daga ƙasa, da laushin shokozobanta, da kasancewar kowane bakanike ya san cikinta, su suka ɗaukaka ta. Da wannan juriya ce ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975.

Wannan ya kawo mu ga kayan gyara. Ka shiga kasuwar Ladipo a Ikko, ko Nkwo a Nnewi, ko Apo a Abuja, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka nemi kowane ƙarfe na Corolla LE, kafin ka gama magana an kawo maka iri uku ka zaɓa, har da cikakken inji in kana so. Dalili shi ne an ƙera su da yawan gaske, an kuma shigo da su da yawan gaske. XRS ta farko kuwa shekara biyu kaɗai aka yi ana ƙera ta, kuma 'yan kaɗan aka sayar ko a can Amurka. Ranar da akwatin giyarta ko wani abu a kan injinta ya samu matsala, sai dai a yi cigiya, ko a aika waje a jira makonni, a biya da dala. Motar da aka saya don sauri ta koma tana kwana a garejin bakanike, mai ita yana bin motar haya. Ga kuma haɗarin a kai ta wurin wanda bai taɓa buɗe irin injinta ba, ya zuba mata baƙin man da ya saba zuba wa kowace mota, ya yi koyon aiki a kanta.

Akwai kuma tambayar da ya kamata kowane mai sayen tokumbo ya yi wa kansa: wa ya hau motar nan kafin ni? Wanda ya sayi Corolla LE sabuwa a Amurka galibi magidanci ne ko ma'aikaciya da ke zuwa aiki da kai yara makaranta. Wanda ya sayi Si ko XRS ya saye ta ne domin ya taka ta, sau da yawa kuma takan bi ta hannun samari biyu ko uku kafin ta iso tashar jiragen ruwa ta Tin Can. Kulocinta ya sha wuya, giyarta ta sha fizga, wataƙila ma an yi wa injin da salansa 'yan dabaru. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka a wurin gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su bayan sun yi haɗari ko ruwa ya ci su, a gyara a fesa fenti. Wannan ya shafi kowace irin mota, amma ya fi zama abin tsoro ga wadda dama don gudu aka yi ta.

Ranar sayarwa ma tana nan tafe. A ƙasar da darajar kuɗi ke zaizayewa, mutane da yawa sun ɗauki mota a matsayin ma'ajiyar dukiya, abin da za a iya mayarwa kuɗi in wata larura ta taso. Corolla ko Civic ta yau da kullum mai giyar otomatik tana da masu so ko'ina: ma'aikaci, ɗan kasuwa, mai neman motar haya ta zamani. Mai zafin gudu da giyar hannu kuwa sai an dace da wanda ya san ta kuma yake sha'awarta, domin mazauna manyan birane da dama sun gaji da taka kuloci a cikin cunkoso. Wanda kuɗin asibiti ko na makaranta ya taso masa ba shi da lokacin jiran irin wannan mai saye, dole ya karya farashi.

To, a ina ma za a yi gudun? Dokar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade wa ƙananan motoci na gida kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a kan manyan hanyoyi, 100 a kan tagwayen hanyoyi. Babu Corolla ko Civic da ba za ta iya wannan ba cikin sauƙi, da fasinja da kaya. Hanyar Ikko zuwa Ibadan kimanin kilomita 127 ce. Mai tafiya a kan 100 zai yi ta cikin minti 76, mai tafiya a kan 130 kuwa cikin minti 59, in har hanya a buɗe take. Ribar duka ba ta kai minti 20 ba. Amma tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ƙaruwa da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin waɗannan gudu biyu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, tun kafa ta a 1988, ba ta daina nanata cewa gudun wuce kima yana sahun gaba cikin abubuwan da ke haddasa haɗari a hanyoyinmu ba. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

Duk da haka, adalci ne a faɗi abin da ke ɓangaren mai zafin gudu. Birkinta ya fi kyau, domin a XRS da Si ƙafafu huɗun duka na faifai ne, alhali ƙananan 'yan'uwansu da dama na ganga ne a baya. Ta fi riƙe hanya a kan kwana. Wanda ya iya sarrafa giya, in ya zo wuce tirela a hanya mai hannu ɗaya, zai ga amfanin ƙarin ƙarfin, domin yana rage lokacin da zai yi a hannun da ba nasa ba. Giyar hannu ma, in an kula da ita, ta fi ta otomatik sauƙin gyara. Ba kuma laifi ba ne mutum ya so abu don yana faranta masa rai, matuƙar da halalinsa ya saya kuma bai tauye haƙƙin iyalinsa ba. Har ila yau ba dukkansu ne ke da zaɓen mai ba. Corolla XRS ta 2009 da 2010 injin Camry aka sa mata, mai lita 2.4 da ƙarfin doki 158, wanda ke shan fetur na gama-gari, kanikawanmu kuma sun san shi ciki da waje. Wadda ke da irin wannan inji matsalarta ta ragu, sai dai shan man yana nan. Saboda haka wanda ke da wata mota a gida, yake da bakaniken da ya amince da iliminsa, yake kuma da rarar da zai ajiye don ranar gyara, ba ni da ja da shi. Da wanda ya tattara duk abin da ya mallaka ya zuba a mota ɗaya nake magana.

Ga wanda ya tsaya a irin wannan mararraba, shawarata ita ce ya fara buɗe bonet kafin ya dubi fenti. Ya tabbatar da irin injin da ke ciki, kada ya dogara da haruffan da ke bayan but, domin waɗannan ana sayar da su a kasuwa ana mannawa. Ya duba murfin tanki da littafin motar ya ga irin man da aka ce a zuba. Ya kwafi lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ya sa a bincika masa tarihin motar ta intanet, abin da ke yiwuwa ga yawancin waɗanda suka fito daga Amurka. Ya je da nasa bakaniken, kada ya yarda da na dillali. Kafin ya biya, ya zaga kasuwar kayan gyara ya tambayi farashin taya ɗaya, da kuloci, da shokozoba na kowace daga cikin motocin biyu. Abin da zai ji a can ya fi duk abin da dillali zai gaya masa amfani.

Hukumomi ma suna da nasu aikin. Tun da matatar Dangote ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, kasuwar mai kuma ta koma hannun gasa, lokaci ya yi da hukumar da ke sa ido kan tacewa da rarraba man fetur, tare da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, za su wajabta wa kowane gidan mai ya rubuta lambar oktan ta man da yake sayarwa a jikin famfo, a kuma riƙa gwadawa ana tabbatarwa. Mai saye yana da haƙƙin sanin abin da yake zuba wa motarsa. Ƙungiyoyin dillalan motoci su ma ya kamata su tsawata wa 'ya'yansu da ke sayar da ado da sunan ƙarfin inji, domin amana ita ce jarin kasuwa.

Shi dai ƙanen nawa bai ji daɗin amsata a ranar ba, har ya ce mini tsufa ne ya fara kama ni. Bayan kwana biyu ya je Ladipo ya yi tambayoyin da na ce ya yi, ya dawo ya ɗauki ta yau da kullum. Da ragowar kuɗin ya sayi sababbin tayoyi huɗu, ya canja baƙin mai da birki, ya yanki cikakkiyar inshora maimakon 'yar ƙaramar nan ta N15,000 da doka ta wajabta tun daga farkon 2023. Da ita ya kawo iyalinsa gida hutun Sallah, ya kuma koma bakin aikinsa lafiya. Allah Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya kuma sa albarka a cikin abin da muke nema.